"Babba Kofi Guda, Yaro Rabi": Sharhi Kan Illolin Maganin Gargajiya Ga Yara Da Matasa

Duk wanda ke shiga Babbar Kasuwar Katsina, ko kasuwannin mako irin na Mai'aduwa, Mashi da Charanci, ya saba ganin mota an faka ta a bakin hanya, amsa-kuwwa a kan rufinta, jarkoki da robobi jere a but, mai magani yana lissafo cututtuka tun daga basir da shawara har zuwa ɗankanoma da zafin fitar haƙori. In aka tambaye shi yadda ake sha, amsar ba ta cika canzawa ba: "Babba kofi guda, yaro rabi." In mai saye ta ɗan yi jim, sai ya juya robar, ya ɗora yatsa a kan wasu lambobi, ya ce, "Hajiya, sha kuruminki, ga lambar NAFDAC nan."

Daga waɗannan maganganu biyu ruɗanin yake tasowa. NAFDAC, hukumar da ke kula da ingancin abinci da magunguna, tana ba wasu magungunan gargajiya lamba. Ita ce kuma a watan Yunin 2023 ta rufe wurin da ake haɗa wani sanannen maganin ruwa a Kaduna, wanda ya karaɗe kasuwannin Arewa. Likitocin yara kuwa kullum gargaɗinsu ɗaya ne, kada a ba jariri jiƙo. Dole uwa ta yi tambaya: abin da hukuma ta sa wa lamba, kuma kakanni suka raini 'ya'ya da irinsa, ta ina illarsa ke fitowa?

Abin da ake nufi da maganin gargajiya, da kuma illa

Sunan ɗaya ne, kayan iri-iri. Akwai na cikin gida, wanda kaka ko ungozoma ke haɗawa da hannunta: sassaƙe ko saiwa a jiƙa, ganye a dafa, gari a zuba a kunu, da daurin da ake ba jarirai. Akwai na jarka da ake aunawa a kasuwa, babu takarda a jikinsa, mai sayarwa kaɗai ya san abin da ke ciki, wani lokacin ma shi kansa sarowa ya yi. Sai na kwali da kwalba mai tambari, har da kayan shagunan maganin Musulunci irin su habbatussauda, hulba, man zaitun da zuma. Haɗarinsu ba ɗaya ba ne, bai kamata a yi masu kuɗin goro ba.

Ita ma illa ba ta ƙofa ɗaya take shigowa ba. Wani tsiron shi kansa yake da dafi. Wani lafiya lau ne, an dai wuce ƙima, ko ya yi funfuna wajen ajiya, ko an jiƙa shi da ruwa marar tsabta. Akwai algus, wato a niƙa ƙwayar asibiti a zuba cikin haɗin don mai sha ya ji "yana aiki". Sai wadda ba a cika lissafawa ba: kwanakin da ake ɓatawa ana jiran jiƙo alhali cuta tana cin yaro.

Lissafin rabin kofi

A asibiti da nauyin jiki ake auna wa yaro magani, shi ya sa ake ɗora shi a sikeli kafin a rubuta. Farasitamol, misali, miligiram 10 zuwa 15 ne a kan kowane kilo ɗaya. A gwada wannan ma'auni a kan maganar mai mota. Magidanci mai kilo 60 ya sha kofi guda, ɗan shekara ɗaya da rabi mai kilo 10 ya sha rabi. Nauyin yaron kashi ɗaya ne cikin shida na babban, amma ya sha rabin abin da babban ya sha. Ke nan kowane kilo na jikinsa ya karɓi ninki uku. In jariri ne mai kilo 5, ninki shida.

Wannan ma in an ɗauka ƙarfin abin da ke cikin kofin ba ya canzawa ke nan, alhali yana canzawa. Jiƙon maɗaci da ya kwana uku ya fi na safiyar yau tsumuwa, tukunyar da aka bari ta tafasa har rabin ruwanta ya ƙone kuwa ta ninka ƙarfinta. Shi kansa kofin ba ma'auni ba ne: na wani gidan ƙaramin kofin shayi ne, na wani moɗa ce.

Sannan jikin da zai karɓa bai gama ƙosawa ba. Hanta ce ke sarrafa yawancin sinadaran da suka shiga jini, ƙoda ta tace su ta fitar a fitsari. A watannin farko na rayuwa aikinsu duka biyu bai kai na babba ba, ƙoda ma sai yaro ya kai shekara ɗaya zuwa biyu kafin tacewarta ta cika. Abin da jikin babba zai fitar kafin dare, a jikin jariri yana iya kwana, gobe a ƙara masa wani a kai.

A Katsina akwai ƙarin dalili, wato tamowa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na jihar a watanni shidan farko na 2025 saboda rashin abinci mai gina jiki. Mai tamowa hantarsa a raunane take, sukarin jininsa kuma yana faɗuwa da wuri, don haka maganin wanke cikin da mai ƙoshin lafiya zai jure, shi yana iya kai shi ga suma. Kumburin ƙafa da fuska da tamowa ke kawowa kuma sau da yawa ana ɗaukarsa wata cuta ce daban da za a fitar ta hanyar gudawa.

Jarirai: dauri, ɗura, zuma, lalle da kwalli

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata shida, ba ruwa, ba jiƙo. A ranar haihuwa abin da cikinsa ke ɗauka a lokaci guda bai wuce cokalin shayi ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba. Duk daurin da ya shiga, gurbin nono ya ci, musamman dakashi, nonon farkon nan mai kauri da wasu gidaje ke matsewa su zubar alhali shi ke ɗauke da garkuwar jariri.

Yadda ake bayarwa ma yana da nasa haɗarin. A ɗura, ana kwantar da yaro a cinya, a danne hannuwansa, a toshe masa hanci, a tara tafin hannu a bakinsa ana zubawa. Yaron da ke kuka yana neman numfashi dole ya ja wani abu zuwa huhu. Kwana ɗaya ko biyu sai ga tari, zazzaɓi da numfashi sama-sama, wato limoniya, kuma ba kowa zai danganta ta da ɗurar ba. Abin ya fi muni in yaro yana cikin jijjiga ko bai gama farfaɗowa ba, domin a lokacin ba ya iya haɗiya. Mai jijjiga ba a sa masa komai a baki, ko ruwa ko cokali, a gefe ake kwantar da shi.

Zuma tana da daraja a addini da al'ada, likitoci ma ba su musanta amfaninta ba. Iyakar da suka sa ita ce wata 12. Tana iya zuwa da ƙwayar wata cuta da ke tsira a hanjin jariri ta saki dafi mai kashe jijiyoyi: sai a ga ya daina kashi, kukansa ya yi rauni, ya kasa tsotso, wuyansa ya saki. Hanjin babba yana hana ta tsira, na jariri bai kai ba. Tahnikin da ya zo a sunna da dabino ne, ɗan kaɗan da ake gogawa a ganɗa.

Akwai kuma wata larura ta gado da ake kira ƙarancin G6PD, wadda ta yawaita a Najeriya, musamman ga 'ya'ya maza, wajen ɗaya cikin biyar. Mai ita lafiyarsa ƙalau har sai jikinsa ya haɗu da wasu sinadarai, sai jajayen ƙwayoyin jininsa su fara fashewa. Lalle yana cikin waɗannan, haka kafur ɗin da ake sawa a akwatin kayan jariri. Ido da fata sai su yi ruwan ɗorawa, fitsari ya yi duhu kamar shayi. A nan ake yin kuskure na biyu, a ce ai shawara ce, a koma ga jiƙo ko a riƙa shanya shi a hantsi. Shawarar jarirai in ta tsananta tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar kurumta ko shanyewar gaɓoɓi har abada. Maganinta fitila ce mai shuɗin haske a asibiti, wani lokaci har da sauya jini. Jaririn da ya yi rawaya cikin awa 24 na farko, ko rawayar ta sauka har tafin hannu da ƙafa, ba a kwana da shi a gida.

Kwallin dutse da ake niƙawa a zizara wa jariri yawanci ma'adinin dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da rahoton wani jariri ɗan wata shida a Boston da aka samu dalma a jininsa. Da aka auna kwallin da aka kai masa daga Najeriya sai aka tarar kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Yaro yakan murza ido ya kai hannu baki, ita kuwa dalma a hankali take rage jini da kaifin ƙwaƙwalwa. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga ƙarshen ɓarnarta a 2010, lokacin da yara sama da 400 suka rasu a yankunan Anka da Bukkuyum, ko da yake can daga niƙan dutsen zinariya ta fito.

Tsirran da aka san halinsu

Bedi, wanda wasu ke kira darbejiya ko dogon yaro, yana ƙofar kusan kowane gida a Katsina da Daura. Ganyen da ake dafawa a yi sirace daban, man 'ya'yansa daban. Likitoci a Indiya da Malesiya sun rubuta yadda jariran da aka ba man bedi, wasu cokalin shayi ɗaya kacal, suka kama amai, barci mai nauyi da jijjiga cikin 'yan sa'o'i, wasu suka rasu.

Filasko maganin wanke ciki ne mai ƙarfi, kuma shi da ire-irensa ake yawan sawa a haɗin basir. A wurinmu kuwa kusan duk abin da ya taɓa cikin yaro basir ake kiransa. Yaro mai kilo 8 in ya zubar da ruwa mililita 800, kimanin leda ɗaya da rabi ta ruwan sha, ya rasa kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa, wanda shi ne matakin bushewar jiki mai kisa. Faɗawar maɗiga alamar wannan bushewa ce, liƙa mata kwaɓin gari ba ya mayar da ruwan da ya fita. Abin da ke mayarwa shi ne ruwan gishiri da sukari: ƙullin ORS ɗaya a lita ɗaya, ko in babu, cokalin shayi shida na sukari a shafe da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, tare da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14.

Bagaruwa akasin haka take yi. Sinadarin da majema ke jeme fata da shi, shi ne ke ɗaure ciki. Yana cikin sassaƙe masu bauri da yawa, kuma yana riƙe sinadarin ƙarfe a hanji, don haka yaron da ake ba maganin ƙarin jini tare da irin wannan jiƙo ba zai amfana yadda ya kamata ba. 'Ya'yan rai-ɗore su aka gano suna jawo mace-macen yara duk shekara a yammacin jihar Uttar Pradesh ta Indiya, ta hanyar lalata hanta, tsoka da ƙwaƙwalwa. Na bini-da-zugu, zurma da idon zakara kuwa yara ne ke tsinta su tauna da kansu. Nonon tumfafiya yana ƙona ido, kuma ɗiga ruwan ganye a idon mai ƙyanda na iya mayar da gyambon da zai warke ya zama makanta.

Matasa

Matashi da kansa yake saye, kuma ba ya faɗa wa kowa. Zaƙami, wanda sunansa na biyu, haukata-yaro, ya isa bayani, ana jefa 'ya'yansa a zoɓo ko shayi a wajen biki ko majalisa. Yana busar da baki, ya buɗe ƙwayar ido, jiki ya yi zafi ba gumi, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, fitsari ya ƙi fita, mutum ya yi ta sambatu yana kama abin da babu. Tazarar da ke tsakanin abin da ke bugarwa da abin da ke kisa ƙanƙanuwa ce. A gida kuwa akan ɗauka iskoki ne.

Ga 'yan mata, kasuwar da ke ci yanzu ita ce ta ƙarin ƙiba da cikar ƙirji da ƙugu, wadda ake tallatawa a TikTok da WhatsApp da sunan haɗin gargajiya zalla. Algus ɗin da aka fi sani a nan shi ne sha-ka-fashe, wato deksametazon. Ƙibar da take kawowa ruwa ne da kitse a fuska da ciki: kumatu su cika, fata ta yi nankarwa, sukari da hawan jini su tashi, garkuwar jiki ta faɗi, tsawon mai tasowa ya tsaya. Wadda ta yi makonni tana sha ba a yanke mata rana ɗaya, domin jikinta ya riga ya daina samar da nasa sinadarin, likita ne zai riƙa rage mata a hankali. Samari kuma nasu tarkon maganin ƙarfin maza ne, inda ake cusa sinadarin da ke cikin Viagra ba awo.

Yarinyar da ta yi haihuwar fari da ƙuruciya tana da nata. Binciken da aka yi a Zariya tun shekarun 1970 ya danganta yawan ciwon zuciyar bayan haihuwa da kunun kanwa mai yawa, wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki har zuciya ta kasa turawa.

Sai masu sikila, farfaɗiya da ciwon sukarin yara. A nan babbar illa ita ce alƙawarin rabuwa da cutar har abada, wanda ke sa a ajiye maganin asibiti. Yaron da jikinsa ba ya yin insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, in aka daina masa allurarsa, cikin kwanaki kaɗan zai galabaita. Mai farfaɗiya in aka yanke masa ƙwaya kwatsam, jijjigar kan dawo fiye da da.

Me lambar NAFDAC take nufi?

Yawancin magungunan gargajiyar da ke da lamba, lambar tana ƙarewa da harafin L. Ma'anarta an yarda a sayar da shi na ɗan wa'adi, shekara biyu, bayan an duba samfurin da mai shi ya kai: an gwada dafinsa a kan dabbobin gwaji, an duba ƙwayoyin cuta da ƙarafa masu guba, an leƙa wurin haɗawa. Ba ta nufin an tabbatar yana warkar da cututtukan da aka lissafa, shi ya sa ake wajabta rubutawa a jikin kwalin cewa NAFDAC ba ta tantance waɗannan iƙirari ba. Rubutun da Turanci yake, da ƙananan baƙaƙe, mai amsa-kuwwa kuma ba ya karanto shi. Cikakkiyar rajista sai an yi gwaji a kan mutane. Gwajin ɓera kuwa ba ya faɗin abin da zai sami jariri ɗan wata uku. Ga kuma lambar da wa'adinta ya ƙare, da ta bogi.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu sana'ar ta gado suna da hujjojin da ba za a yi watsi da su ba. Kwinin, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro, daga ɓawon itace ya fito. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake sha yau daga dangin tazargade aka samo shi, aikin da ya ba Tu Youyou ta ƙasar Sin kyautar Nobel a 2015. A gida ma cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta samar da Niprisan don masu sikila daga haɗin da ya ƙunshi masoro, kanumfari da karan dafi. Suna cewa masu ɓata masu suna 'yan kasuwa ne da ba su gaji sana'ar ba, kuma maganin Bature ma ya kashe yara: My Pikin, na fitar haƙori, ya hallaka yara 84 tsakanin 2008 da 2009.

Likitoci ba su musanta ko ɗaya ba. Amsarsu ita ce duk waɗannan sun zama magani ne bayan an tace, an gwada, an san adadin da ke cikin kowace ƙwaya. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce ba ta goyon bayan shan ganyen tazargade a matsayin maganin maleriya: abin da ke cikin shayinsa ba lallai ya isa ya kashe ƙwayar cutar duka ba, kuma yana iya koya mata jure wa magani. My Pikin kuwa an gano shi ne domin yana da suna da masana'antar da za a je a rufe. Yaron da jiƙon jarka ya lalata wa ƙoda ba ya shiga kowane lissafi, musamman da yake iyaye kan ɓoye wa likita abin da suka bayar don gudun faɗa.

Inda aka haɗu shi ne, ba rashin sani kaɗai ke kai uwa wurin mai magani ba. A yankunan Jibiya, Batsari, Safana da Faskari rashin tsaro ya mayar da tafiya asibiti da dare kasada, kuɗin mota da na magani sun yi tashin gwauron zabo tun 2023, mai jiƙo kuwa yana nan kusa, yana ba da bashi, kuma ba ya tsawa.

Ga mai ɗa a hannu

Ƙasa da wata shida, nono kawai. Ƙasa da shekara, ba zuma. Cibiya ba a sa mata toka, gishiri ko man goge baki, akwai man kulohekzidin da aka tanada don ita. Zazzaɓin damina a fara masa da gwajin jini, domin maleriya na iya taɓa ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro cikin kwana ɗaya ko biyu, daidai kwanakin da ake ba jiƙo a ga kamun ludayinsa. Haɗin da ya sauke zazzaɓi cikin rabin awa, ko ya sa yaro barci mai nauyi, ko ya buɗe masa ci fiye da ƙima, abin zargi ne cewa akwai ƙwaya a ciki. In farasitamol ce, kuma aka ƙara masa da ta kemis, hantarsa ce za ta ɗauki ninki biyu.

In an riga an bayar, alamomin da ke sa a tafi asibiti nan take su ne aman da ba ya tsayawa, barcin da ba a iya tada yaro, jijjiga, numfashi da sauri, rawayar ido, kumburin fuska, ko ya wuni bai yi fitsari ba. Kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, kada a ɗura masa manja ko madara da sunan karya dafi, duka biyun huhu suke jefawa cikin haɗari. A tafi da robar ko ragowar sassaƙen, a faɗi sa'ar da aka ba shi, sau nawa, da wane kofi ko cokali. A Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ne, ko na mata da yara na Turai 'Yar'aduwa, ko asibitin Daura, wannan bayanin ne zai nuna wa likita ko ƙoda zai fara dubawa ko hanta ko sukarin jini, kuma da shi ma'aikacin lafiya zai kai rahoto ga NAFDAC ta manhajar Med Safety, da sunan maganin da kasuwar da aka saye shi.